Asubar da Baba Ya Ƙi Fitowa

Mahaifina ya san sama kamar yadda ya san iyakar gonarsa. A ƙauyenmu, can gefen Ƙofa a ƙasar Bebeji, babu mai zuba iri sai ya ji ta bakinsa. Da magariba zai fito ƙofar gida, ya harɗe hannu a baya, ya ɗaga kai ya nemi taurarin Kaza da 'ya'yanta, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "A dakata tukuna, ruwan nan na yaudara ne." Kuma a dakata ɗin. Yana jin daɗin wannan matsayi ba kaɗan ba, ko da yake in ka yaba masa sai ya kawar da kai ya ce Allah ne masani.

To wannan mutumin ne, shi kaɗai a duk garin, ruwan taurari ya wuce shi saboda malmala biyu ta tuwo.

Ina 'yar shekara goma sha biyu a lokacin, ni ce auta. Azumi ya faɗo cikin kaka, an fara yankan dawa, sanyi ya soma shigowa. Daren sha huɗu ne, farin wata ya karkata yamma. Inna ta yi ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ta ɗiga man shanu, ta kai wa Baba ɗaki don sahur, ta fito ɗibar ruwa a randa. Sai na ji moɗa ta faɗi ƙasa, na ji Inna tana salati da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Na fito da gudu, hannuna duk miya.

Taurari ne ke zuba. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Kafin ka nuna wannan, uku sun wuce ta bayanka. Wasu farare, wasu kamar kore-kore, wasu kuma in sun wuce sai su bar wani zare na haske yana rataye a sama kafin ya narke. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu ƙara ko kaɗan. Duk wannan wuta, amma shiru, sai kukan zakaru da salatin mutane daga gida-gida. Maƙwabciyarmu, wadda ta yi wata uku ba ta gaisa da Inna saboda akuyarmu ta cinye mata rama, ta leƙo ta kan katanga tana kuka tana cewa, "Ki yafe ni don Allah, duniya ta zo ƙarshe!" Inna ta ce ta yafe, har da ramar baɗi.

Sannan ta juya ta ƙwala kira. "Malam! Malam, fito ka ga ikon Allah, taurari na zuba!"

Daga cikin ɗaki Baba ya amsa, bakinsa cike. "Taurari ba sa zuba. Ɗaya ce ta faɗi, kin mai da ita ɗari. Bar ni, alfijir ya kusa, tuwona zai huce."

Sau uku tana kira. Ni ma na shiga na ja hannun rigarsa. Ya ce, "Auta, shekara arba'in ina duban saman nan. In da wani abu zai faru a cikinta, ni zan fara sani." Ya cinye tuwonsa tas, ya suɗe kwano, ya sha ruwa, ya yi sakace, ya yi alwala a natse. Ko da ya fito tsakar gida, gabas ta yi fari, ladan ya kira salla, sama kuma ta koma kamar ba ita ba.

A masallaci aka yi masa caa bayan an sallame. Kowa ya matso, har liman. "Malam, kai da ka san sama, me ka ce game da abin da muka gani?" Baba mutum ne da ba ya ƙarya ko da babu azumi, balle da shi a baki. Ya ce, "Ina ɗaki." Aka ce, "Kana me?" Ya ce, "Ina sahur." An ce liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Daga ranar magana ta shiga garinmu. Duk wanda ciki ya sa ya rasa wani abin kirki, ko mota ta tafi ta bar shi yana cin ƙosai, sai a ce ya yi sahur ɗin Malam. Har yau ana faɗa, yaran yanzu ma ba su san asalinta ba.

Abin ya tsaya wa Baba a rai. Mu na gida mun sani: ya ƙudura sai ya ga ruwan taurarin nan da idonsa kafin ya bar duniya. Inna ita ma tana da abin da take jira, kalma ɗaya tak, ya ce da ya sani ya fito da ta kira shi. Shi kuwa ya gwammace ya haɗiye tabarya.

Sai ya zauna ya yi lissafi, kuma a nan ne ya yi kuskuren da sai masani irinsa zai yi. A wurin Baba, al'amuran sama kashi biyu ne. Akwai na noma, masu bin damina da kaka da rani, irin su Kaza da Gamzaki. Akwai kuma na ibada, masu bin wata, irin su azumi da salla. Da yake abin ya faru a tsakiyar azumi, daidai lokacin sahur, kuma tun muna yara muke ji ana cewa in tauraro ya faɗi shaiɗan aka jefa, sai Baba ya ɗauki ruwan taurari ya saka shi a aljihun ibada. Ya yanke cewa daren sha huɗu ga watan azumi zai dawo.

Inna ta ce, "Malam, ni fa wani abu ya ɗaure min kai. Ba kai ka ce mana a watan azumi ɗaure shaiɗanu ake yi ba? To wa ake jifa haka babu ƙaƙƙautawa?"

Baba ya ce, "Wannan ilimi ne, ba zancen madafa ba."

Ta ce, "Haka ne. Mu dai na madafa mun gani."

Azumi na zagayowa, daren sha huɗu ya yi, sai ga Baba ya fito da tabarma tsakar gida ya ce a kawo masa sahur nan, wai ɗaki ya yi zafi. A cikin sanyin da har kare ya shige toka! Ya ci tuwo kai a sama, miya na ɗiga a gemu. Babu abin da ya gani sai farin wata, don kowa ya san daren sha huɗu wata cike yake, haskensa kan shanye ƙananan taurari. Shekara ta biyu haka, ta uku haka. Azumi kuwa yana ta ja da baya kamar yadda ya saba, kwana goma sha ɗaya duk shekara, har ya bar kaka ya shiga damina. Nan kuma hadari ya rufe sama. Akwai shekarar da ruwa ya sauko masa a kan tabarma, ya shigo da gudu rungume da kwano, tuwo na iyo. Inna ta miƙa masa tsumma, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Wanda ya warware wannan ƙulli wani tsohon abokinsa ne Bafillace, da muke ce wa Baffa. Tun kafin a haife ni, duk kaka yakan gangaro da shanunsa daga wajen Doguwa ya sauka a gonarmu, gefen da aka kwashe masara. Shanu su ci kara, gona ta samu taki, su biyun kuma su samu wanda za su tsokana. Wata rana da la'asar yana zaune a zaure da Baba, Inna ta aiko da fura, ta tsaya bayan ƙofa suna gaisawa. Da gangan ko da kuskure, Allah ya sani, sai ta ba shi labarin tabarmar daren sha huɗu. Baffa ya yi dariya har malfarsa ta faɗi.

"Kai Kaɗo!" in ji shi. "Shekara nawa kana wannan wahala ba ka tambayi masu kwana a fili ba? Taurarin nan ina ruwansu da azumi? Duk shekara in na sauka nan, kana cikin yankan dawa, da asuba muna ganin su. Ba su kai na waccan shekara ba, ko kusa, amma ba su taɓa saɓa alkawari ba. A kan gonarka fa, Malam. Gonarka ta kanka."

Baba ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Rashin sani, kaza ta kwana kan dami." Shi da yake gaya wa gari duka lokacin shuka, ga abu na bin kaka kamar dawa, ya tafi neman sa a cikin wata.

A satin nan ya bi Baffa gona kafin asuba. Ya dawo fuska a murtuke. Abin da ya gani bai cika yatsun hannu biyu ba. Ya ce, "Wannan ai yayyafi ne. Ni mamako aka ba ni labari. Ina sauran suka tafi?"

Lokacin ina kwalejin horar da malamai, ina karatun kimiyya. Baba bai taɓa tambayata komai game da boko ba, in ban da ko ana ba mu abinci sosai. Ranar da zan koma makaranta ya rako ni bakin titi, yana duban wani wuri daban ya ce, "Su malaman nan naku, ba su ce komai a kan abin nan ba?" Na ji daɗi har cikin raina, don na san abin da tambayar ta ci masa. Na koma na addabi malaminmu, na kwashe kwanaki a ɗakin karatu, har na samu amsar da zan iya kawowa gida.

Da na dawo hutu na tarar ana sussuka a bayan gida, Inna na sheƙa, Baba na zaune kan turmi yana ba da umarnin da babu mai bi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo da saƙo.

Na ce, "Baba, da farko dai, abin da ke faɗowa ba taurari ba ne."

Ya ce, "Wannan na sani. Washegarin ranar na ƙirga Kaza da 'ya'yanta, babu wadda ta ɓace."

Na ce ɓarɓashi ne, yawancinsa bai fi tsaki ba, in ya shigo iskar duniyarmu da gudu sai ya kama da wuta ya ƙone tun yana sama. Mai zubar da shi kuwa tauraruwa ce mai wutsiya, wani dunƙulen ƙanƙara da tsakuwa da ke zagaya rana ta wata doguwar hanya. In ta matso kusa da rana sai ta ɗan narke, ta yi ta zubar da ɓarɓashi a bayanta.

"Kamar jakin da buhunsa ya huje a hanyar kasuwa," in ji Baba.

Na ce, "Haka nan. Mu kuma duniyarmu tana tsallaka wannan hanya sau ɗaya a shekara, kullum a kaka. Shi ya sa Baffa ke ganin su in ya sauka."

"To me ya sa na waccan shekara ya fi?"

Na ce saboda jakin bai daɗe da wucewa ba. Kowace wucewa tana barin nata layin. Layin da bai tsufa ba siriri ne, a cunkushe, in muka faɗa tsakiyarsa sai a ga mamako, amma na ɗan lokaci, kamar tsawon cin tuwo. Inna ta yi tari daga inda take. Na ci gaba da sauri, na ce in shekaru suka yi yawa layin yakan bazu. Wani ɓarɓashin ya yi gaba, wani ya yi baya. Hasken rana kansa yana tura ƙananan, manyan duniyoyi kuma, musamman wadda ake kira Mushtari, suna jan wasu gefe. A hankali siririn layi sai ya zama faffaɗar hanya, amma tsaba ɗai-ɗai. Sai a yi kwanaki ana gani, ba kuma a ga da yawa ba.

Baba ya miƙa hannu ya damƙi dawa daga faifan Inna, ya ɗaga ya saki a iska. Tsaba ta faɗi kusa da ƙafarsa, ƙaiƙayi ya yi gaba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wato ku kun tarar da sabon zubi. Ni kala na samu."

Ban taɓa jin malamin da ya faɗe shi daidai haka ba, kuma har yau da kalmarsa nake koya wa ɗalibaina.

Ya tambayi yaushe jakin zai dawo. Na ce duk bayan kamar shekara talatin da uku. Sai na ga yana motsa yatsu, idonsa na ƙyalli. Ya buga cinya ya ce, "Allahu Akbar! Azumi ma ai shekara talatin da uku yake yi ya zagayo inda ya baro. Ke nan in ta dawo, azumi na cikin kaka. Kin ji ko, Innarsu? Ashe ban yi kuskure ba. Sammako na yi!"

Inna ta ce, "Sammakon shekara talatin. Sannu da ƙoƙari, Malam."

Da na bar shi a nan da ya fi. Amma ni 'yarsa ce, bakina ba ya riƙe gaskiya. Na ce masana suna ganin ko ta dawo ba lalle a sake irin wancan ba, don Mushtari ta ɗan karkatar da hanyar, mai yiwuwa mu wuce ta gefen zubin. Murnar ta sauka daga fuskarsa. Ya ce, "Hanya ma tana ƙaura ke nan. Burtalin da Baffa ke bi muna samari, yanzu gidaje ne a kai." Na ji tausayinsa ƙwarai, na yi da-na-sanin faɗa.

Bai daina zuwa kala ba. Duk kaka yana gona da asuba, shi da Baffa, suna musu. Amma shekaru sun yi nasu aikin. Yanar ido ta fito masa, aka yi aiki a ido ɗaya, ya ɗan washe, ya sake dushewa. Mutane kuma suka koma jin labarin damina a rediyo da waya. Da magariba yakan fito ƙofar gida kamar da, hannu a baya, sai dai yanzu jikoki yake tambaya, "Kaza ta fito?" Ya kai ga ko kalar ma ba ya gani. Tsorona kullum shi ne kada hasken idon ya ƙare bai ga ko guda ɗaya mai kyau ba.

Kakar bara waccan, ina koyarwa a Tudun Wada, na duba na ga farin wata ba zai dame mu ba a asubar da ake sa ran zubar taurarin. Na kwaso 'ya'yana biyu muka zo gida. Muka tashi kafin kiran farko, na riƙe hannun Baba, muka bi ta bayan gida zuwa gona. Baffa ya tsufa shi ma, amma yana nan, ya kashe wutarsa don kada ta hana gani. Abin da ba mu zata ba, sai ga Inna a bayanmu, lulluɓe da mayafi biyu, ɗauke da kwano a rufe. Shekara ashirin ba ta taɓa raka shi wannan kallo ba.

Baffa ya ce, "Me aka kawo mana?"

Ta ce, "Ɗumame ne. Kada yunwa ta sake hana wani gani."

Muka zauna kan karan dawa. Shanu na tuƙa, sanyi na ratsa zane. Can ɗaya ta gilma, siririya. Yara suka yi ihu, "Ga ta, ga ta!" Baba ya juya, "Ina? Ina?" Ta riga ta wuce. Aka sake, ya sake juyawa a makare. Sau biyar ko shida haka. Na lura ko ya dubi wurin daidai ba ya ganin su, sun yi masa ƙanƙanta. Gabas kuma ta fara sauya launi.

Baba ya sauke kai ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ku bar ihun nan haka, na ji. Innarsu, miƙo tuwon. Shi dai ina ganin sa."

Inna ta buɗe kwano, tururi ya tashi, ƙamshin man shanu ya bugi kowa. Ta ajiye a gabansa. Har ya naɗe hannun riga, sai ta ce a hankali, "Malam, ƙara dubawa kaɗan."

Ya tsaya, hannu a kan kwano. Na zaci zai ce wani abu game da madafa. Sai kawai ya janye hannun, ya jingina da dami, ya ɗaga kai.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Ni har na fara tunanin yadda zan lallashe shi a hanyar gida. Sai gona ta haske gaba ɗaya, kamar an ƙyasta ashana a ɗaki mai duhu. Na ga ƙahonin shanu, na ga inuwarmu a ƙasa. Wata ƙatuwa ce ta tsaga sama daga tsakiya ta yi yamma, fara tas, bakinta kore, ta fashe ba tare da ƙara ba. Zaren haskenta ya tsaya a sama yana lanƙwashewa a hankali. Yaran ma sun manta da ihu.

"Na gani," in ji Baba. "Wallahi na gani. Ga shi can har yanzu."

A hankali zaren ya narke. Sannan Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Innarsu, na ranar nan, irin wannan ne?"

Ta ce, "Irin wannan. Ko ta ina. Har ba ka san inda za ka duba ba."

Daga cikin gari ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

"Da na fito," in ji Baba. "Kin kira ni sau uku. Da na fito."

Baffa, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya juya yana gyara igiyar maraƙin da babu abin da ya same ta. Inna ta goge ido da bakin mayafi, ta tura kwanon kusa da gwiwarsa, ta ce da muryar faɗa, "To ci mana. Tuwonka zai huce."

Baba bai sauke kai ba.

Ya ce, "Bar shi ya huce."